Ƙabila, Addini da Talaka a Tunanin Yusufu Bala Usman: Tarke

1.0 Gabatarwa

A ƙasar Faransa akwai daɗaɗɗiyar al'ada ta marubuci ya fito daga ɗakin karatunsa ya yi fito-na-fito da masu mulki. Ana ƙirga ta tun daga 1898, sa'ad da Emile Zola ya rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa ga shugaban ƙasarsu yana kare Alfred Dreyfus, hafsan sojan da aka ɗaure bisa ƙage. A wannan zamani Annie Ernaux, wadda ta sami kyautar Nobel ta adabi a 2022, tana cikin magada wannan al'ada: 'yar masu ƙaramin kanti ce, karatu ya ɗaga ta, ta ƙare tana feɗe ratar da ke tsakanin masu shi da marasa shi. Ƙasar Katsina ma ta haifi irin wannan marubuci, watau Yusufu Bala Usman, sai dai tafiyarsa ta saɓa da tata. Ita daga ƙasa ta hau, shi kuwa daga gidan sarauta ya sauko ya tsaya a sahun talakawa. Wannan maƙala za ta auna ginshiƙai biyu na tunaninsa, sa'an nan ta dubi harshen da ya zuba su a ciki.

2.0 Taƙaitaccen Tarihinsa

An haife shi a Musawa, kudu da Kankiya, a 1945. Mahaifinsa shi ne Durbin Katsina, ɗan Sarki Muhammadu Dikko; ta wajen uwa kuma jikan Sarkin Kano Abdullahi Bayero ne. Ya fara karatu a Musawa, ya shiga babbar firamare ta Kankiya, ya wuce Kwalejin Gwamnati ta Kaduna, ya yi digirin farko a Jami'ar Lancaster a Ingila. Ya koyar a Kwalejin Barewa, daga nan ya koma Sashen Tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello, inda ya sami digirin digirgir a 1974 a hannun Abdullahi Smith. A 1976 shi da Segun Osoba suka ƙi sa hannu a rahoton kwamitin tsara kundin mulki, suka gabatar da nasu na 'yan tsiraru. Ya riƙe muƙamin Sakataren Gwamnatin Jihar Kaduna a zamanin jam'iyyar PRP. Ya rasu a Zariya ranar 24 ga Satumba, 2005.

3.0 Batun Ƙabila

Littafinsa The Transformation of Katsina, 1400-1883, wanda ya fito a 1981, ya bi diddigin yadda tsarin sarauta ya kafu a ƙasar Katsina tun zamanin Muhammadu Korau, da yadda jihadi ya rushe shi ya kafa wani a gurbinsa. Jigon littafin shi ne ƙin amincewa da ra'ayin manazarta irin su M.G. Smith, waɗanda suka riƙa karanta tarihin ƙasar nan da ma'aunin Haɓe da Fulani, kamar dai ƙabilu biyu ne suka gwabza ɗaya ta kada ɗaya. A ganinsa, mutanen wancan zamani sun san kansu ta fuskar ƙasa da gari da zuri'a da sana'a da ilmi: Bakatsine ko Bagobiri, mai sarauta ko talaka, malami ko maƙeri ko makiyayi. Tarihi ya goyi bayansa a nan, domin cikin manyan almajiran Shehu Usmanu akwai Malam Abdussalami na Gimbana wanda ba Bafillace ba ne, haka kuma akwai Fulanin da ba su bi jama'ar Shehu ba.

Ƙarfin wannan ra'ayi yana ga hanyar bincikensa. Ya taka ƙafa ya ji ta bakin dattawa, ya gwama da rubuce-rubucen malamai, ya kuma sa bayanan Heinrich Barth a faifai ya tankaɗe su kamar kowace shaida, bai karɓe su don Bature ne ya rubuta ba.

Amma da sauran rina a kaba. Nuna cewa wani suna ƙirƙirarre ne bai isa ya zare masa dafi ba. Tun da ta'addancin 'yan bindiga ya addabi karkarar Katsina da Zamfara, an sha jin ana fassara shi da faɗan Hausawa da Fulani, alhali manoma da makiyaya duka sun rasa rayuka da dukiya. Tunanin Bala Usman yana koya wa ɗalibi ya tambayi abin da ya faru da burtali da makiyaya da kotu da kasuwar shanu kafin ya ambaci ƙabila, kuma wannan babbar riba ce. Sai dai bai ba da cikakken bayani kan yadda mutum yake ɗaukar sunan da aka laƙaba masa ya mai da shi nasa, har ya yi kisa ko ya mutu a kansa ba.

4.0 Batun Addini

A 1977, ana tsakiyar muhawarar shari'a a majalisar tsara kundin mulki, ya gabatar da lacca a Zariya wadda daga baya ta zama tushen littafinsa The Manipulation of Religion in Nigeria, 1977-1987. Littafin ya fito a 1987, shekarar rikicin Kafanchan. Hujjarsa ita ce akwai wani rukuni na attajirai da manyan ma'aikata waɗanda ba su noma, ba su ƙira, dillanci kawai suke yi tsakanin arzikin ƙasa da kamfanonin ƙetare. Da yake ba za su iya fitowa da wannan fuska gaban jama'a ba, sai su yafa rigar kishin Musulunci ko Kiristanci, su haɗa talakawa faɗa, don kada a tambaye su ina dukiya ta tafi.

Wannan hujja ta tona asirin da yawa, kuma abin da ya biyo bayan 1987 bai ƙaryata ta ba. Duk da haka tana da rauni biyu. Na farko, ta mai da talaka raƙumi da akala, sai inda aka ja shi. Mabiyan Maitatsine da suka yi tarzoma a Kano a Disambar 1980 suna da abin da suka gaskata da abin da ya ƙona musu rai. Wanda duk ya taƙaita su ga 'yan amshin shatan wani ɓoyayyen hannu ya tauye bayani. Na biyu, hujjar da za ta iya fassara kowane rikici tana da wuyar gwadawa, domin in ba a ga mai zuga ba sai a ce ya iya ɓuya ne. Marubucin da ya tsananta wa Barth wajen neman shaida, ya kamata a tsananta masa daidai da haka.

5.0 Harshe

Nan ne abin ya fi shafar masu nazarin Hausa. Sa'adu Zungur da Mudi Sipikin da Gambo Hawaja sun soki zalunci da waƙar Hausa, ta shiga kasuwa da zaure ba tare da tafinta ba. Bala Usman kuwa manyan littattafansa da Ingilishi ya rubuta su, ko da yake yana da hannu a mujallar Fitila ta Hausa. Saboda haka manomin Kusada, wanda dominsa aka yi faɗan, sai dai ya ji labari a bakin ɗan boko. Abin lura kuma shi ne, a cikin Ingilishin nasa ya bar kalmomi irin su ƙasa, birni, gari da sarauta yadda suke, domin ya ga fassara za ta gurɓata ma'anarsu. Ke nan ƙashin bayan nazarinsa na Hausa ne, rigar ce ta aro.

6.0 Kammalawa

Bala Usman ya bar wa manazarta ɗabi'ar tuhumar kowane suna da aka raba jama'a da shi, da tambayar wa ke cin ribar rabon. Inda ya gaza shi ne wajen bayyana abin da ke cikin zuciyar wanda aka raba. Aikin da ke gaban sassan Hausa na jami'o'i da kwalejoji shi ne su juya wannan muhawara zuwa Hausa, da ƙarfinta da rauninta, yadda malamin makaranta a Kankiya zai iya karanta ta ga ɗalibansa, su kuma su sami bakin yarda ko musu.