Masu Ƙwauron Siminti a Ƙarƙashin Ƙasa

A mahaƙar Kidd da ke Timmins, a lardin Ontario na Kanada, masu neman tagulla da tutiya sun nutsa kusan kilomita 3 cikin ƙasa. Duk kogon da aka kwashe ma'adininsa ba a barinsa a wangale. Dole a cike shi, in ba haka ba nauyin dutse ya danno, haƙar gefensa ta gagara. Masu haɗa wannan ciko ba a cika jin labarinsu ba, kuma gwanintarsu ta ƙwauro ce: sanin mafi ƙarancin simintin da zai riƙe.

A mahaƙai da yawa, garin dutsen da ya rage bayan an tace ma'adini shi ake tsane wa ruwa, har ya zama kashi 70 zuwa 85 cikin 100 na kwaɓin. Sai a zuba masa maɗauri, galibi kashi 3 zuwa 7 kacal, a tura ta bututu. Kaurinsa kamar na ƙullun ƙosai ake so. Ya yi ruwa-ruwa, garin ya kwanta ya rabu da ruwan; ya cika kauri, bututu ya toshe, a wuni ana fama. Shi ya sa ake cika mazubi da kwaɓin a ɗage, a auna yadda ya zauna, kafin a sake shi.

Wannan ɗan maɗaurin kuwa shi ke cinye fiye da rabin kuɗin aikin cikon. Ga hayaƙi: ana gasa dutsen siminti a zafin digiri 1,450, kuma masana'antarsa ce ke fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na iskar kabon da duniya ke fitarwa. To, sai gwanayen suka juya ga sharar wasu masana'antu. Akwai tokar kwal ta tashoshin lantarki, akwai kuma kashin maƙera na manyan tanderun narka ƙarfe, wanda in an sanyaya shi da ruwa nan take aka niƙa lukui, yana ɗaurewa, muddin an tashe shi da ɗan siminti ko farar ƙasa. Tun a shekarun 1970 mahaƙar Mount Isa ta Ostareliya ta fara niƙa kashin tanderunta na tagulla tana rage siminti da shi. A wasu mahaƙan Kanada, kashi 90 na maɗaurin kashin maƙera ne, siminti 10 kawai.

Inda aikin ya fi burge ni shi ne babu haɗin da ya dace da ko'ina. Garin dutse mai yawan kibiritu maci amana ne: kwaɓi ya yi ƙarfi a watan farko, can kuma wasu gishiri su tsiro a cikinsa, su kumbura, su tsattsage shi. Kashin maƙera ya fi jure wannan, sai dai yana da nawa, ba ya saurin ƙanƙamewa. Ga masu fasa dutse sun ƙosa su tashi nakiya a kogon gefe, ranar da bangon cikon zai tsaya shi kaɗai, tsayin mita da dama, ba madogara. Don haka ake zuba samfura a ƙananan gwangwanaye, a murƙushe su a inji bayan kwana 7, da 28, wani lokaci har 90. Ba ƙarfin kankaren gini ake nema ba; ko kashi ɗaya cikin ashirin nasa yakan wadatar, in dai lissafin ya fita daidai. Kuskure a nan rayuka ne, don mutane na aiki a gefen cikon, wani wurin ma a ƙarƙashinsa.

Yanzu sharar ma tana neman yin tsada. Ana rufe tashoshin kwal, masu ƙarfe suna komawa tanderun lantarki da ba sa ba da irin wannan kashi. Hankali ya fara karkata ga yumɓun da ake gasawa a zafin digiri 800 ko ƙasa da haka, da garin gilashi, kuma kowannensu sai an sake gwada shi da garin dutsen kowace mahaƙa tun daga farko.