Jitar Lantarki ta Hannu: Daga Katakon Murhu Zuwa Fentin Mota

A watan Agusta na 1963, wani yaro ɗan shekara 16 mai suna Brian May, a unguwar Feltham da ke yammacin Landan, ya ƙwallafa rai a kan jitar lantarki, amma kuɗin jitar kamfanin Fender ya fi ƙarfin gidansu. Mahaifinsa Harold, injiniyan lantarki, ya ce to su ƙera tasu. Wuyan jitar sun sassaƙo shi ne daga katakon wani tsohon murhun ɗumama ɗaki da ya haura shekara ɗari, har sai da suka toshe ramukan da ƙwari suka huda da tsinken ashana. Tsakiyar gangar jikin daga wani tsohon tebur ta fito. Sifirin biyu na tsohon babur suka sa a ƙarfen da ke lanƙwasa sauti, alamomin kan wuya kuwa maɓallan riga ne daga kwandon ɗinkin mahaifiyarsa. Aikin ya ci kusan shekara biyu. Wannan jita, da ake kira Red Special, ita ce ya riƙe a kusan dukan faya-fayan ƙungiyar Queen, ita ce kuma ya hau rufin fadar Buckingham da ita a 2002.

Ana yawan ba da wannan labari kamar wani abin al'ajabi da ya saɓa wa al'ada, alhali shi ne al'adar. Goge irin na Turawa yana da zuri'ar masassaƙa ta ɗaruruwan shekaru a garin Cremona na Italiya, da sirrin da ake gada daga uba zuwa ɗa. Jitar lantarki kuwa 'yan gyare-gyare ne suka haife ta. Wajen 1940, makaɗi Les Paul ya ɗauki guntun katako mai kusurwa huɗu, inci huɗu kowane gefe, ya ɗaura masa wuya da tsirkiyoyi da maganaɗisu. Da masu kallo suka ƙi ɗaukarsa da muhimmanci, sai ya raba wata jitar Epiphone gida biyu ya manna a gefe da gefe don ta yi kama da jita. Paul Bigsby, wanda ya ƙera wa mawaƙi Merle Travis tasa a 1948, makanikin babur ne. Leo Fender mai gyaran rediyo ne a garin Fullerton na Kalifoniya, bai ma iya kaɗa jita ba. Shi ya sa da ya fito da tasa a 1950, ya yi ta da tunanin mai gyara: falan katako guda, da wuya da aka ɗaure da sukuru huɗu, in ya lalace a kwance a sa wani. Wannan shawarar ce ta buɗe ƙofa ga duk mai zarto da haƙuri, domin tun daga ranar ba dole ba ne mutum ya iya lanƙwasa siraran katakai da tururi kafin ya mallaki jitar da ya yi da hannunsa.

Dalilin da ya sa abin ya yiwu yana cikin yadda sautin ke fitowa. A jitar da ba ta amfani da wuta, akwatin katakon ne ke kaɗa iska, don haka kaurin kowane sashe yana da tasiri a kunne. A ta lantarki, aikin na maɗaukin sauti ne: maganaɗisu da aka naɗe da wayar jan ƙarfe mai siririn gashi, zagaye wajen 8,000 a irin na jitar Stratocaster ta Fender. Tsirkiyar ƙarfe na rawa a kansa, sai 'yar wuta ta taso a cikin wayar, kusan yadda dainamon keke ke ba fitila wuta, daga nan amfilifaya ta ƙara mata ƙarfi. Matsalar irin wannan maɗauki shi ne yana kwaso gunjin wutar gida. Seth Lover na kamfanin Gibson ya magance ta da naɗi biyu masu saɓa wa juna, aka fara sa su a jitoci a 1957. Mai ƙerawa da hannu yana iya naɗa nasa, kuma da yawa suna yi da injin keken ɗinki da suka sauya wa aiki. Brian May ma ya naɗa nasa da farko, bai gamsu ba, ya je ya sayi uku na kamfanin Burns.

A nan ne gardamar da ba ta ƙarewa take: shin irin katakon yana canja sauti? Kasuwa tana cewa ƙwarai kuwa, tana kuma da farashi ga kowace amsa. Fender ya saba da katakon alda da ash a gangar jiki, da mapul a wuya. Gibson ya saba da mahogani. Akwai ruwan Afirka a ciki sosai. Katakon da ake sayarwa da sunan mahoganin Afirka ɗan'uwan maɗaci ne na kusa, baƙin katakon da ake shimfiɗawa a fuskar wuya yawancinsa daga Kamaru yake zuwa, sannan jitocin Flying V da Explorer da Gibson ya fitar a 1958 an yi su ne da limba, itacen dazukan Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, wanda aka laƙaba wa sunan kasuwa Korina. Sai dai masu auna sauti da na'ura, irin su Farfesa Manfred Zollner na Jamus da ya shafe shekaru yana nazarin kimiyyar wannan jita, sun nuna cewa tasirin katakon gangar jiki kaɗan ne idan aka gwada shi da na maɗaukin sauti, da wurin da aka dasa shi, da amfilifaya da lasifika. Mai wannan rubutu yana tare da masu awo. Katako yana da muhimmanci, amma ta wata fuska: nauyinsa a kafaɗa bayan sa'a biyu a kan dandamali, da yadda yake karɓar fenti, da ko zai murɗe bayan shekara. Shi ya sa ƙwararru suka fi damuwa da bushewarsa, suna neman laimarsa ta sauka zuwa kashi 6 zuwa 8 cikin ɗari kafin su taɓa shi.

Gangar jiki, wadda ita ce kowa ke kallo, ita ce aiki mafi sauƙi. A zana siffa a kan allo, a yanke da zarto, a rarake gurbin wuya da na kayan wuta, a goge gefuna. Kafinta mai hankali zai gama cikin 'yan kwanaki.

Wuya ne ke raba gwani da ɗan koyo. Nisan da ke tsakanin inda tsirkiya ta tashi da inda ta sauka shi ne tushen kowane lissafi: inci 25.5 a Fender, wato milimita 648, inci 24.75 a Gibson; inci 24 a jitar Brian May. Don a san inda za a dasa ƙarfen gaɓa na farko, cikin ƙarafan da ake jerawa a gicciye a fuskar wuya, sai a raba tsawon da 17.817. A milimita 648, amsar ita ce 36.4. Abin da ya rage a sake raba shi da wannan lamba don samun na biyu, haka har ƙarshe, gaɓoɓin suna ƙara matsewa har tazarar ta dawo wajen milimita 11 a ta 22. Ta 12 dole ta faɗo daidai tsakiya. Idan zarto ya kauce da rabin milimita, babu fenti ko tsadar katako da za su ɓoye abin, kunnen mai sauraro zai kama shi.

Bayan lissafi sai ja-in-ja da katako. Tsirkiyoyi shida suna jan wuya da ƙarfin da ya kai kilo 45 ko fiye, dare da rana. Abin da ke hana shi lanƙwashewa sandar ƙarfe ce da ake binnewa a cikinsa, mai noti a baki, dabarar da wani ma'aikacin Gibson, Thaddeus McHugh, ya yi wa rajista a farkon shekarun 1920. Ba a son wuyan ya miƙe sak; ana bar masa ɗan lanƙwasa kamar rubu'in milimita a tsakiya don tsirkiya ta sami wurin rawa. Daga nan a buga ƙarafan gaɓa ɗaya bayan ɗaya, a shafa musu baƙin alƙalami, a bi su da miƙaƙƙen magagari har baƙin ya goge a kowanne, a sake zagaye kansu, a kashe kaifin bakinsu don kada su yanki tafin hannu. Wannan aiki ba ya fitowa a hoto, amma shi ne makaɗi ke ji cikin minti ɗaya da ɗaukar jita. Bayan wuya kuwa, inda babban yatsa ke kwanciya, a nan ne ma'anar aikin hannu take. Kamfani yana sassaƙa wuya don matsakaicin hannu. Mai ƙerawa yana kankara, ya riƙe, ya sake kankara har ya dace da hannu guda. Wuyan Red Special yana da kauri fiye da kima, masu gwada kwafinsa da yawa suna kokawa, amma mai shi da shi ya saba.

Makaɗi Eddie Van Halen ya bi wata hanyar, wadda masu farawa da yawa ke bi yau, wato haɗa sassan da aka saya. Ya sayi gangar jiki mai tabon kulli a kan dala 50 da wuya a kan dala 80, ya sa cizal ya faɗaɗa gurbi don maɗaukin Gibson ya shiga jiki irin na Fender, ya tsoma maɗaukin cikin narkakken kakin kyandir don ya daina ƙara. Ya yi mata zane da salatif da fentin feshi, daga baya ya ƙara jan fentin keke. Kafinta zai ga aikin ya girgiza kai. Amma haɗin da ya yi ya haifar da wani sabon nau'in jita da kamfanoni suka yi ta kwaikwayo a shekarun 1980, kuma a 2007 aka fitar da kwafi 300 nata, kowace a kan dala 25,000, har da tabon sigari da tsatsa.

Irin wannan ƙwazo ba na Turai da Amurka kaɗai ba ne. Mdou Moctar, makaɗin Abzinawa na Nijar wanda ya naɗi faifansa na farko a Sakkwato a 2008, ya fara ne da jitar da ya haɗa da kansa da katako da wayar birkin keke, domin iyayensa ba su yarda da kiɗa ba. Ibrahim Ag Alhabib na ƙungiyar Tinariwen shi ma da gwangwani da sanda da wayar birki ya fara. Nasu ba su da wuta, amma tunanin ɗaya ne da na gidan su May.

Saura fenti, matakin da ya fi kowanne kashe gwiwa. Mahogani da ash suna da ƙofofin jijiya a buɗe, dole a cike su da makwaɓi a goge, in ba haka ba fenti zai nutse ya bar ƙananan ramuka. Sai shafin share fage, sai launi, sai mai sheƙi shafi bayan shafi, sirara, ana jira tsakaninsu. A shekarun 1950 fentin mota ake amfani da shi kai tsaye. Launukan Fender da masu tara jitoci ke rububi a kansu, irin su Lake Placid Blue da Fiesta Red, daga kundin launukan motocin Amurka aka ɗauko su. Wannan tsohon fenti, mai suna nitiroselulos, yana kama wuta da sauri, tururinsa kuma guba ne, don haka sai da takunkumi na musamman da wuri mai iska. Idan aka fesa shi a rana mai laima, sai ya yi fari-fari kamar hazo. Bayan shafin ƙarshe ana rataye jitar mako uku zuwa huɗu ba a taɓa ta. Sannan a bi ta da samfefa jiƙaƙƙiya, daga lamba 800 zuwa 2000, a goge har ta zama madubi. Haɗarin yana gefuna, inda fentin ya fi siranta: hannu ya ɗan yi nauyi, katako ya leƙo, aikin wata guda ya koma baya. Shi ya sa masu aiki a gida da dama suka gwammace shafa mai da tsumma, wanda ba ya ba da madubi amma ba ya bukatar injin feshi. Su May ma fentin kayan ɗaki na kamfanin Rustins suka shafa.

Manyan kamfanoni sun daɗe da gajiya da jiran. Daga ƙarshen shekarun 1960 Fender ya koma ga fentin roba mai kauri da saurin bushewa, wanda ba ya tsagewa kuma ba ya tsufa. Masu saye sai suka fara kewar tsohon, saboda aibinsa: yadda yake rawaya, yake tsattsagewa, yake gogewa a inda hannu ke shafa. A 1995 sashen aikin hannu na Fender, da aka kafa a 1987, ya fara sayar da sababbin jitoci da aka tsufar da gangan. Ma'aikaci zai gama wancan dogon aiki na madubi, sannan ya ɗauko makullai da reza ya kwarzane shi, ya sa ƙarafan su yi tsatsa. Irin waɗannan sun fi masu sheƙi tsada.

Yau injin da kwamfuta ke sarrafawa yana yanke gangar jiki da gurbin gaɓoɓi da daidaiton da hannu ba zai kai ba, kuma ƙananan masu ƙerawa da yawa sun saye shi, ko da ba su cika faɗa wa mai saye ba. Wasu na ganin haka ha'inci ne ga sunan aikin hannu. Sai dai abin da injin ya karɓe shi ne yanka da huji, sashen da dama can da allon kwafi ake yinsa tun zamanin Leo Fender. Daidaita ƙarafan gaɓa, yanka gurbin kowace tsirkiya a ƙashin da ke kan wuya, saita tsayinta zuwa kusan milimita biyu a gaɓa ta 12, da gogen fentin ƙarshe, har yanzu mutum ne ke zama ya yi su da magagari da samfefa, a shagon mutum ɗaya da kuma a masana'antar Fender da ke garin Corona.