Totur Ɗin Jirgin da Ba Ya Tashi

Duk sanda aka nuno matashi a talabijin ya ƙera jirgin sama da langa-langa, tambayar mutane ɗaya ce: ya tashi? In an ce a'a, sai a taɓe baki, a ce motar kara ce aka yi wa fiffike. Masu wannan hukunci sun raina motar kara ne saboda ba su taɓa ƙera ta ba. Yaron Unguwar Hajji da ke zaɓen karan dawa bayan girbi, ya fere ɓawon, ya soka shi cikin totuwa, ya ɗaura dogon sitiyari har ƙafafun gaba su juya daidai da hannunsa, ya riga ya taɓa babbar matsalar ƙira: yadda motsin hannu zai isa wani wuri ba tare da ya ɓace a hanya ba.

Tarihin jirgin sama a ƙasar nan gajere ne. Jiragen sojan Ingila uku sun sauka Kano a Nuwamba 1925. A 1964 aka kafa kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya. A 2007 Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin Jami'ar Bayero, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin Honda Civic da kujerun tsohuwar Toyota, ya ɗaga sama kamar ƙafa bakwai, duniya ta yi ta labari. Na yaba masa, amma ni reshen da ya fi burge ni shi ne wanda ba ya neman tashi ko kaɗan: ɗakin matuƙi na katako, a ƙasa, haɗe da kwamfuta mai manhajar koyon tuƙi irin FlightGear, wadda kyauta ce. Wanda ya raina wannan ya tuna Edwin Link na Amurka. A 1929 ya haɗa akwatinsa na koyon tuƙi da zugazugan masana'antar kayan kiɗa ta mahaifinsa, kuma a cikin irin akwatin nan dubban matuƙan Yaƙin Duniya na Biyu suka koyi aiki.

A irin wannan ɗaki, gwanintar maƙeri a totur take bayyana. Sandar kowa zai iya sassaƙa ta. Abin tambaya shi ne yadda kwamfuta za ta san inda sandar take.

Hanyar da kowa ke fara bi ita ce a ciro maƙunnin ƙara murya daga matacciyar rediyo. Yana aiki, na mako biyu ko uku. Da farko dai, an yi shi ne don kunne, ƙarfinsa ba ya hawa daidai-wa-daida. Mai alamar B, kamar B10K, shi ne miƙaƙƙe. Sannan yana juyawa wajen digiri 270, totur kuwa da ƙyar ya wuce 60 ko 70, don haka daga matakai 1024 da allon Arduino, mai kai wa kwamfuta lambar, ke iya karantawa, kusan kashi ɗaya cikin huɗu kawai za ka mora, sai ka ƙara haƙoran giya, su kuma su kawo nasu girgiɗi. Babban maƙiyinsa kuwa ƙurar hunturu. Ɗan harshen ƙarfe ne ke goga a kan baƙin zobe. Ƙura ta shiga, zoben ya cinye, ƙarar "ƙyar-ƙyar" ɗin da mai gyaran rediyo ya sani ta koma injin jirgi da ke zabura shi kaɗai a kan allo.

Ma'aunin maganaɗisu ya fi. Ɗan tsakon na'ura ne mai ƙafa uku, 49E, wanda bai kai ƙwayar wake ba, irinsa ne ke cikin hannun babur mai lantarki, yana aiki da abin da Edwin Hall ya gano a 1879. Ka ba shi bolt 5. In babu maganaɗisu kusa, sai ya mayar da rabi, 2.5. Fuskar maganaɗisu ɗaya ta ɗaga lambar, ɗayar ta sauke ta. Ba abin da ke taɓa wani, ƙura ta yi ta shiga in ta ga dama.

Sabon hannu yakan manna maganaɗisu ɗaya a jikin sanda, ya riƙa kusanto shi ga ɗan tsakon. Nan ake faɗuwa, domin ƙarfin maganaɗisu da sauri yake raguwa in ka ja baya: rabin tafiyar sandar lamba ba ta motsi, ƙarshenta kuma ta yi tsalle. Gwani biyu yake sawa. Ya yanko bututun biro, ya zura shi cikin boris, ya manna maganaɗisu biyu a gefe da gefe, fuskokin da ke jan juna suna kallon juna, ɗan tsakon yana tsaye cak a cikin bututun. Yanzu juyawa ake aunawa, kuma cikin digiri 30 ta kowane ɓangare lambar tana hawa kusan a miƙe, daidai faɗin tafiyar totur. Sauran aikin haƙuri ne: a tsayar da sanda a tsakiya, a murɗa bututun a hankali har mita ta nuna 2.5, sannan a ɗiga gam. A kuma nisanta bakin ƙarfen dalma daga maganaɗisun, zafi yana kashe shi.

Wasu za su ce a sayi na kamfani a huta. Wanda ya saya ya iya tura sanda. Wanda ya haɗa ya san dalilin da lamba ke rawa, kuma shi ne gobe zai gane ciwon ma'aunin totur na mota, irin waɗanda ke jibge a Ƙofar Ruwa. Shi ya sa nake jin haushin yadda ake raba kyauta a baje kolin kimiyya na makarantu: fenti da faɗin fiffike ake dubawa. Da ni ne alƙali, kwamfuta zan kunna, in sa ɗalibi ya tura sandarsa sannu a hankali daga ƙasa zuwa sama, mu ga ko lambar za ta hau ba tsalle. Kuma mai gyaran rediyo da bakaniken babur na kasuwar Karaye ko ta Rogo zan ɗauko su zauna kusa da ni a teburin alƙalanci.