Yunwa da Ƙoshi a Shekarar Katolika: Sharhi a Kan Littafin Maria von Trapp

1.0 Gabatarwa

Masu nazarin al'adu sun daɗe da lura da cewa abin da jama'a ke ci, da lokacin da suke cin sa, da kuma lokacin da suke kame baki daga gare shi, suna daga cikin manyan hanyoyin da addini ke bi ya zauna da gindinsa a cikin gida. A wannan maƙala za a yi sharhi ne a kan wani littafi da aka gina shi kacokan a kan wannan batu, wato *Around the Year with the Trapp Family* na Maria von Trapp, wanda aka buga a Amurka cikin 1955. Ma'anar sunan ita ce zagayen shekara tare da iyalin Trapp. Za a dubi marubuciyar, da zubi da tsarin littafin, da jigonsa, sa'an nan a nuna inda ya yi rauni. Ra'ayin da za a kare shi ne, littafin ya kama wata gaskiya babba, cewa sauyawar yunwa da ƙoshi ita ce ke koyar da yaro shekarar addininsa, amma ya cakuɗa wannan gaskiya da girke-girken ƙasa guda har mai karatu ya kasa rarrabe su.

2.0 Marubuciyar

An haifi Maria cikin 1905 a ƙasar Austiriya. Mahaifiyarta ta rasu tana ƙarama ƙwarai, kuma ɗan'uwan da ya riƙe ta ba ruwansa da addini. Sai da ta shiga kwalejin horon malamai a Biyana ta rungumi ɗariƙar Katolika da gaske, har ta nemi shiga gidan zuhudu na mata da ke Nonnberg a birnin Salzburg cikin 1924. Daga can aka tura ta cikin 1926 ta koyar a gidan Georg von Trapp, tsohon hafsan sojan ruwa wanda matarsa ta rasu ta bar masa 'ya'ya bakwai. Sun yi aure cikin 1927, ta haifa masa uku. Bayan da Jamus ta Hitila ta haɗiye Austiriya cikin 1938, iyalin suka bar ƙasar, suka rayu da sana'ar waƙa a Amurka, daga bisani suka sayi gona a Stowe ta jihar Vermont. Labarinsu ne aka mayar fim ɗin nan *The Sound of Music* na 1965. Ta rasu cikin 1987.

Abubuwa biyu daga wannan tarihi suna da muhimmanci ga mai sharhi. Na farko, marubuciyar ba ta gaji waɗannan al'adu a gindin murhun mahaifiyarta ba, koyon su ta yi bayan ta girma. Na biyu, ta rubuta su ne tana zaman hijira, shekara goma sha bakwai da barin ƙasarta. Wanda ya koyi abu da girmansa, kuma ya ga ya kusa suɓuce masa, yakan riƙe shi fiye da wanda ya tashi ya tarar da shi, kuma wannan riƙo ana jin sa a ko'ina cikin littafin.

3.0 Zubi da Tsari

Littafin ya bi shekarar Ikilisiya daki-daki. Wannan shekara tana somawa da lokacin jiran haihuwar Yesu Almasihu, mai Lahadi huɗu, sai Kirsimeti a ranar 25 ga Disamba. Daga nan sai babban azumi, wanda ke farawa ranar Larabar Toka, kwana arba'in idan aka cire Lahadi shida da ke cikinsa. Sai Ista, wadda ke faɗowa tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu, sai Fentikos a rana ta hamsin. A kowane zango marubuciyar takan kawo bayanin ma'anar lokacin, da abin da iyalinta ke yi, da waƙoƙin da suke rerawa, da kuma yadda ake girka abincin da ya keɓanta da shi. Bayan wannan ta taɓo bukukuwan iyali kamar baftisma da ranar haihuwa da aure.

Salonta na hira ne, kamar uwa tana ba maƙwabciyarta labari. Ba ta kafa hujjar tauhidi, sai dai ta nuna aiki. Alal misali, a lokacin jiran Kirsimeti akan ajiye ɗan komin dabbobi wayam, duk yaron da ya yi wani abin kirki sai ya sa sillen ciyawa a ciki, domin jaririn da ake jira ya sami shimfiɗa mai laushi. Haka kuma kowa a gidan yakan zari sunan wani a ɓoye, ya dinga yi masa alheri ba tare da ya sani ba har ranar biki. A ranar 4 ga Disamba, ranar Waliyya Barbara, akan yanko reshen itacen marmari a sa a ruwa cikin ɗaki mai ɗumi, da fatan ya yi fure ranar Kirsimeti. Duk waɗannan dabaru ne na koya wa yaro jira ta hanyar abin da zai gani da ido, ya taɓa da hannu.

4.0 Jigo

Babban jigon littafin shi ne, biki ba ya da daɗi sai ga wanda ya yi jira. Ana toya burodin zuma da kayan yaji tun makonni kafin Kirsimeti, ƙamshi ya cika gida, amma sai ranar ta zo ake ci. Kafin Larabar Toka akan soya wani abu mai kama da fanke a ci a more, sa'an nan tukunya ta koma ta marasa nama. A ranar Alhamis ta makon ƙarshe na azumi akan sha miyar ganye iri bakwai. Ranar Ista kuwa akan kai kwandon ƙwai da nama da burodi da gishiri coci, Fada ya sa musu albarka, a dawo gida a karya da su. Yaron da ya tashi a irin wannan gida, ko bai iya karanta kalanda ba, cikinsa zai gaya masa lokacin da ake ciki.

Ya kamata a tuna cewa a lokacin da aka rubuta littafin wannan kame baki doka ce mai ƙarfi. Dokar Ikilisiya ta 1917 ta hana cin nama kowace Juma'a, ta kuma wajabta wa baligi azumi a duk ranakun babban azumi ban da Lahadi. Azumin nasu shi ne cin cikakken abinci sau ɗaya a yini, tare da ɗan abin taɓawa sau biyu. Saboda haka duk macen da ke riƙe da girki a gidan Katolika dole ta san kalandar addini kamar yadda ta san kayan miyarta.

Babin da ya fi kowane ƙarfi shi ne wanda ta yi a kan ƙasar da ba ta da Lahadi. Ta fara da labarin Tarayyar Sobiyat, inda hukuma ta rushe mako mai kwana bakwai daga 1929 har zuwa 1940, sa'an nan ta juyo kan Amurka, inda ta tarar an mayar da ranar ta wanke mota da gyaran gida. A nan ne littafin ya wuce littafin girki ya zama suka ga zaman duniya da kowace rana take daidai da 'yar'uwarta. A wannan fuska za a iya cewa ta riga malamanta, domin kuwa sai cikin 1964 babban taron Batikan na Biyu ya farfaɗo da tsohon kirarin nan na iyali, wato ikilisiyar cikin gida.

5.0 Raunin Littafin

Rauni na farko shi ne rashin bambance abin da addini ya kawo da abin da noma da yanayi suka haifar. Soye-soyen gabanin azumi hanya ce ta ƙarar da mai da ƙwai kafin a shiga lokacin hani. Yawan ƙwai a Ista ya samo asali ne daga zamanin da aka hana cin sa cikin azumi, alhali kaji suna ta sakin ƙwai da janyewar sanyi. Miyar ganye kuwa ta zo daidai da tohon farko bayan narkewar ƙanƙara. Littafin ya fi karkata ga ma'anar addini da aka ɗora wa waɗannan, sai mai karatu ya ɗauka duk tushensu ɗaya.

Na biyu, mai karatu zai iya fita da zaton dukkan al'adun tun kaka da kakanni suke. Ba haka abin yake ba. Kambin ganye mai kyandir da ake kunnawa a lokacin jiran Kirsimeti, wanda marubuciyar ta ba muhimmanci, ana danganta ƙirƙiro shi ga wani fasto ɗan ɗariƙar Luta mai suna Johann Hinrich Wichern a Hamburg cikin 1839, kuma bai yaɗu a gidajen Katolika ba sai cikin ƙarni na ashirin.

Na uku, a ƙauyukan Austiriya gari ne gaba ɗaya ke ɗauke da nauyin al'ada: ƙararrawar coci, da mai gidan burodi, da kasuwa, da maƙwabta. Da aka kwaso al'adar zuwa Amurka sai nauyin duka ya koma kan uwa ɗaya a madafinta. Gidan Trapp gida ne mai 'ya'ya goma, mawaƙa ƙwararru, kuma suna tare da limaminsu, Fada Franz Wasner, shekaru da dama. Hannu da yawa, in ji Hausawa, maganin ƙazamar miya. Littafin bai tsaya ya tambayi yadda matar da ke ita kaɗai, ko mai fita aiki, ko wadda azumi da rashi suka zame mata abu ɗaya, za ta yi ba.

Na huɗu ba laifin marubuciyar ba ne, zamani ne ya sauya. Cikin 1966 Fafaroma Paul na Shida ya taƙaita azumin wajibi ga Larabar Toka da Juma'ar da ake tunawa da gicciye Almasihu. Sabuwar kalanda ta 1969 ta soke makonnin share fagen azumi, ta kuma cire ranar Waliyya Barbara daga jerin bukukuwan gama-gari. Tunda hanin ya yi sauƙi, wani ɓangare na littafin ya koma shaidar tarihi. Duk da haka an sake buga shi cikin 2018, abin da ke nuna akwai masu ƙishin tsarin da ya bayyana.

6.0 Ma'auni Daga Ƙasarmu

Hanya mafi sauƙi ta gwada littafin ita ce a miƙa shi ga 'yan Katolika masu ibada da Hausa a Kaduna ko Zariya ko Kano ko Maraɗi. Kalandarsu ɗaya da ta Salzburg, amma Kirsimeti a nan cikin hunturu take zuwa, bayan kaka, rumbu a cike. Babban azumi yakan kai su cikin zafin bazara, Ista kuma ta zo ana duban gabas ana jiran ruwan shuka. Ba reshen da za a sa a ruwa ya yi fure, ba kuma miyar tohon bayan ƙanƙara. Abin da ake yi shi ne a dafa shinkafa da nama, a zuba a kwanuka, yara su kai gidajen maƙwabta, har da Musulmi, waɗanda su ma sukan aiko da nasu ranar Salla. Girke-girken littafin ba su ƙetaro ba, amma jira da kame baki da tarayya a kan akushi suna nan daram, kuma a nan unguwa ba ta sakar wa uwa nauyin ita kaɗai ba.

7.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a ga cewa littafin Maria von Trapp ya cancanci karatu ta fuska biyu. Taska ce ta al'adun Katolikan Austiriya kamar yadda wata mai gudun hijira ta tattara su kafin sauye-sauyen 1966 da 1969, kuma hujja ce mai ƙarfi a kan cewa yaro yakan koyi addini a bakin tukunya kafin ya koye shi a aji. Rauninsa shi ne bai raba ginshiƙi da ado ba. Ga ɗalibanmu masu nazarin abincin bukukuwa, darasin shi ne, duk abincin da aka tarar an jingina shi ga wata ranar ibada, a tambayi wane ɓangare ne nassi ya kawo, wane ne damina da kaka suka kawo, tun yaushe aka fara, kuma hannun wa ke girka shi. Har yanzu akwai buƙatar a yi irin wannan bincike a gidajen Kiristocin ƙasar Hausa, a rubuta shi da Hausa, tun tsofaffin da suka san yadda aka faro suna raye.