Sharhi a kan Littafin "Maganar Hannu" da Matsayinsa a Jami'o'inmu

Maƙasudin wannan sharhi shi ne a duba littafin da Constanze Schmaling ta wallafa a Hambug ta ƙasar Jamus a 2000, mai suna "Maganar Hannu", sa'an nan a auna abin da ya tona game da yadda muke koyar da ilmin furuci.

Marubuciyar ta zauna da kuramen Kano a shekarun 1990, ta tattara alamomin da suke zance da su. Ta bi tafarkin William Stokoe, wanda ya nuna a 1960 cewa alamomin kuramen Amurka suna rarrabuwa zuwa ƙananan sassa. Watau kamar yadda ake bayyana baƙi ta wurin furucinsa da yanayin furucinsa, haka ake bayyana alama ta siffar hannu da wurin da aka ajiye shi da motsinsa. In ɗaya ya sauya, ma'ana tana iya sauyawa, kamar dai yadda "bari" ya bambanta da "ɓari". Da wannan ta tabbatar Maganar Hannu harshe ne mai ƙa'ida, ba kwatance ba.

Sai dai littafin yana da gajartawa iri biyu. Na farko, ƙarfinsa ya tattaru a kan ƙirar alama da ginin kalma, bai yi nisa cikin ginin jimla ba. Na biyu, da Ingilishi aka rubuta shi, saboda haka yawancin masu harshen da iyayensu ba su da hanyar karanta shi.

Amma laifin da ya fi girma namu ne. Ɗalibin Hausa yakan haddace aikin hanɗa da ganɗa da tantanin maƙwallato, ya fita jami'a ba tare da ya san yadda kunne yake karɓar sauti ba, ko yadda yaro yake koyon harshe. An bar wannan ga sashen ilmi na musamman, kamar dai baki da kunne ba jiki ɗaya suke ba. Alhali kuwa sanƙarau, irin wanda ya auka wa Arewa a 1996, da ƙyanda suna kurumtar da yara. Yaron da bai sami wani harshe ba a shekarunsa na farko, na baki ko na hannu, karatu yakan yi masa wuya daga baya. Har wa yau, makarantun kurame da yawa suna koyarwa da alamomin da suka samo asali daga Amurka, waɗanda Andrew Foster ya fara yaɗawa daga Gana a 1957, ba da waɗanda yaro ya tashi da su a unguwa ba.

Shawararmu ita ce a fassara littafin zuwa Hausa, a kuma haɗa darasin ji da na koyon harshe da na furuci a manhaja ɗaya. Wanda ya san fitar sauti bai san shigarsa ba, rabin ilmin ke gare shi.