2.4 Sharhi a Kan Wasu Keɓaɓɓun Kalmomin Nazarin Sadarwa

A wannan fasali za a dubi kalmomin nan da manazarta sadarwa suka fi amfani da su, wato mai aikawa da saƙo da kafa da mai karɓa da kuma hayaniya, domin a ga ko sun dace da yadda mutane ke magana da junansu.

Asalin waɗannan kalmomi yana komawa ne ga Shannon (1948), wanda injiniya ne kuma masanin lissafi a ɗakin bincike na kamfanin tarho na Bell a Amurka. A shekarar 1949 aka buga aikin nasa a matsayin littafi tare da bayanin Weaver. Matsalar da ke gabansa ita ce yadda saƙo zai bi waya ya isa ɗaya ɓangaren ba tare da ya gurɓata ba. Shi da kansa ya bayyana cewa ma'anar saƙo ba ta cikin abin da ya dami injiniya. Daga baya ne masana irin su Schramm (1954) da Berlo (1960) suka ɗauko kalmomin suka ɗora wa zancen ɗan Adam, ɗalibai kuma suka gaje su a haka.

Idan aka ɗauki kalmar mai karɓa, za a tarar an haɗe abubuwa biyu. A tsarin Shannon na'ura ce ke karɓar saƙon ta mayar da shi yadda yake, mutumin da ake nufi kuwa yana da nasa gurbin daban. Da aka haɗe su sai mai sauraro ya gaji sunan na'ura, ya zama tamkar ƙwaryar da ake zuba wa hatsi. Habaici kaɗai ya isa ya nuna raunin wannan. Alal misali, mace za ta iya tsayawa a tsakar gida tana yi wa kaza faɗa a kan kwaɗayi, alhali kishiyarta ce ake nufi, kuma kowa a gidan ya sani. To, a nan wace ce mai karɓa? Idan aka ce kaza, an yi wa nazarin ba'a. Idan kuwa aka ce kishiya, to sai an yarda cewa ita ce ta zaɓi ta ɗauki maganar a kanta, tana kuma iya yin kamar ba ta ji ba, habaicin ya faɗi ƙasa banza. Ke nan mai sauraro yana da hannu wajen ƙulla ma'anar, abin da kalmar karɓa ba ta nunawa.

Haka abin yake ga saƙo. A lissafin Shannon, gwargwadon yadda ba a iya hasashen magana, gwargwadon yawan bayanin da ke cikinta. Bisa ga wannan ma'auni gaisuwar Bahaushe kusan fanko ce, domin wanda aka tambaya yadda ya kwana zai amsa da lafiya ko da zazzaɓi ya kwana. Amma yaro ya wuce dattijo bai gaishe shi ba, kafin azahar unguwa ta ɗauka. Malinowski (1923) da Jakobson (1960) sun yi bayanin irin wannan magana da ake yi domin riƙe zumunci, Carey (1975) kuma ya ja hankali ga sadarwa a matsayin al'adar da ke ɗaure jama'a. Uwar da ke alkunyar ɗan fari, ta ƙi ambatar sunansa, ba ta furta komai ba, amma an fahimce ta sarai.

Kalmar da ta fi kowace matsala ita ce hayaniya. Da ita ake yawan fassara abin da Shannon ke nufi da duk wani abu da ya shiga kafa ya canja saƙo, kamar ƙarar da ake ji a layin tarho. Ga Bahaushe kuwa hayaniya surutun mutane ce, irin ta kasuwa ko ta masu rigima, kuma kunne ke jin ta. Ɗalibin da aka ce masa dusasshen tawada a jarida hayaniya ce, ko kuma bambancin karin harshe tsakanin Basakkwace da Bakano, dole ya ruɗe, don kuwa babu abin da ya yi ƙara. Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi da Ɗalhatu Muhammad ya tace (1990) ya mayar da hankali ne ga fannonin harshe da adabi da dabarun koyarwa, ya kuma nuna amfanin a zauna a daidaita kalma kafin ta bazu a aji. Wannan bincike zai yi amfani da kalmar cikas a maimakon hayaniya, domin cikas yana iya faruwa ga abin da ake ji ko ake gani ko ake karantawa. A gurbin mai karɓa kuma za a riƙa cewa abokin magana a duk inda mutum ake nufi, a bar wa rediyo da tarho kalmar karɓa.