Sun haddace sunayen inabin Faransa, wa zai riƙe na dawarmu?

Wani yayi ya shigo wa wasu 'yan bokonmu na ƙasar Zuru da ke aiki a Abuja da Kaduna. Idan sun dawo gida hutun ƙarshen shekara, sai ka ga an ɗora kwalbar jar giyar inabi ta Faransa a tebur, ana juya kofi, ana sansanawa, ana jero sunaye: Cabernet Sauvignon, Merlot, Cabernet Franc. Ba kiran kowa nake yi ya sha ba, kowa ya san abin da addininsa ya ce masa. Abin da ya dame ni daban ne.

A gaskiya mutanen Bordeaux, yankin Faransa da ake yin wannan giyar, sun cancanci yabon da ake yi musu. Ba inabi iri ɗaya suke matsewa ba, gauraya suke yi, kuma da dalili. A yankin Médoc, inda ƙasa take da tsakuwa, Cabernet Sauvignon ne ya fi yawa: fatarsa kauri, ga bauri, ga jinkirin nuna. A Saint-Émilion da Pomerol, inda laka ta fi yawa, Merlot ne sarki, yana nuna da wuri, ɗanɗanonsa da taushi. Idan ruwan ƙarshen shekara ya ɓata ɗaya, ɗayan ya riga ya shiga gida. Gaurayar da ake ta kambamawa a tebur, asalinta dabarar manomi ce ta kada ya zuba dukiyarsa a iri guda. Daga nan sai a zuba a gangunan katako masu cin lita 225, ta yi shekara ɗaya ko biyu, sannan a ɗura a kwalba. Baurin nan da ke ɗaure harshe tana sabuwa shi ne ke ba ta damar yin shekara ashirin ba ta lalace ba, yana ta laushi a hankali.

To, wace tsohuwa ce a Manga ta ƙasar Zuru ba ta san wannan lissafin ba? Matan da ke dafa burkutu don gayya ko bikin Uhola ba kowace dawa suke jiƙawa ba. Sun san wadda tsironta ke fita da ƙarfi, sun san jar dawa ce ke ba da launi da ɗan bauri, fara kuma ta sassauta. A jiƙa, a baza ta tsira, a shanya, a niƙa, a dafa, a bari ya yi tsami, a sake dafawa, sannan a zuba ragowar na baya domin ya tashi. Mai kunun zaƙi ma da wannan idon take zaɓen hatsinta, don haka maganar ta shafi har wanda bai taɓa kusantar tukunyar giya ba. Bambancinsa da giyar Bordeaux kawai, burkutu ba ya jiran kowa. Kwana biyu ya zama tsami zalla. Mu abin da muke ajiyewa ya daɗe shi ne iri, zangarniyar da ake zaɓa tun a gona a rataye ta daban.

Irin nan ne ke zubewa. Je kasuwar Zuru ka tambayi dawa, amsar da za ka fi ji ita ce "ja ko fara?" Matasa da yawa ba za su bambanta maka kaura da farfara a tafin hannu ba, balle sunayen da kakanni ke kiran irinsu da harshen C'lela. 'Yan bindiga sun kori ƙauyuka a wajajen Danko da Wasagu, kuma wanda ya gudu da ransa ba ya tsayawa kwance irin da ke rataye a rumbu. A gefe guda barasar leda, wadda hukumar NAFDAC ta soma aiwatar da haramcinta a 2024, ta janye samari, mai dafa burkutu kuma ta koma ƙara garin rogo don tukunya ta cika.

Kada a ce dawa ba ta kai a yi mata wannan hidima ba. Da gwamnati ta hana shigo da sha'ir a 1988, dawa ce ta riƙe manyan masana'antun giya da na lemon malta, har da irin SK5912 da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta fitar. Faransawan ma ba a zaune suke ba: a 2021 an amince wa Bordeaux ta gwada sababbin irin inabi, ciki har da Marselan da Touriga Nacional, saboda zafi na ƙaruwa, amma aka ƙayyade kada su wuce kashi 10 cikin 100 na gaurayar. Sun karɓi sabo, tsohon kuma yana nan a rubuce da sunansa.

Muna da Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya a Zuru. Ɗalibanta su bi Manga da Dabai da Rikoto gida-gida, su karɓi zangarniya ɗaya-ɗaya, su rubuta sunanta da C'lela da Hausa, da ƙasar da take so, da abin da ake yi da ita. A Uhola mai zuwa a ware rumfa guda a jera su, tsofaffin mata su zauna su yi bayani. Masu kwalbar Bordeaux kuwa, kuɗin kwalba biyu ya isa ya kafa rumfar.